Ƙirjin Malam Ila

Duk shekara sai an turo mana ku, da fararen riguna sun sha guga, kowa da waya a hannu, wai kun zo koyon aikin ɗakin hoto. Kwana uku ba a yi ba sai in ji ɗaya yana raɗa wa ɗan'uwansa, "Ashe danna maɓalli ne kawai." Haka ne, danna maɓalli ne. Akuya ma in ta taka shi da kofato zai dannu. Na yi shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar hoton ƙashin mutane tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma har yau ban taɓa ganin maɓalli ya kashe kowa ba. Bakin mai danna shi ne na ga ya kusa kashe mutum, kuma labarin ke nan da nake so ku ji kafin ku koma makaranta ku ce kun iya.

Haƙarƙarin farko da na ɗauka na wani manomi ne daga Yargoje, sansa na huɗa ya tunkuye shi a gefe. Lokacin ina ƙarƙashin Baba Garba, wanda ake ce wa Mai Duhu saboda rabin rayuwarsa a ɗakin wankin fim ya yi ta. Ba kwamfuta a zamanin. Za ka ɗura fim a kaset da lalube, ka ɗauka, ka shiga ɗaki mai jan ƙwan lantarki ɗaya, ka tsoma a ruwan farko kana ƙirga a ranka, ka ɗauraye, ka tsoma a na biyu, sannan ka rataye shi a igiya kamar wanki. In ruwan ya yi zafi fim ya ƙone, in ya tsufa fim ya fito fari fat. Na tsayar da manomin nan, na ɗauke shi ta gaba sau ɗaya, na wanke, na ɗora a akwatin haske. Haƙarƙari sun jeru tsaf. Na juyo da fara'ata na ce, "Baba, babu karaya."

Bai ko dubi fim ɗin ba. Ya je ya tambayi mutumin inda ke masa ciwo, ya sa ya nuna da yatsa ɗaya, ya karkata shi kaɗan, ya sa na sake ɗauka ta gefe. Haƙarƙari uku a karye, suna kallona.

"Kai, zo nan," in ji shi. "Wa ya ba ka 'babu'? In ba ka gani ba, ka ce ba ka gani ba. 'Babu' ta hi ƙarhin bakinka."

Washegari ya aike ni wurin mahauta in sayo ƙirjin akuya ɗanye, da sharaɗin kada a sare guringuntsin. Kun san shi ai, farin nan mai garas-garas da kuke rububi a kai in an kawo tsire. Shi ne ke haɗa kan haƙarƙari da ƙashin tsakiyar ƙirji, a akuya da mutum duka. Baba Garba ya kama guda biyu ya karya da hannunsa ina ji suka ce ƙas, ya shimfiɗa naman a kan kaset, ya ce in ɗauka. Da na wanke, ga haƙarƙari ga ƙashin tsakiya, amma tsakaninsu fili ne kawai, baƙi, kamar ba a halicci komai a wurin ba. Guringuntsi ba ya tare hasken na'urar, wucewa yake yi ta cikinsa. Wanda ya karye da wanda bai karye ba duk ɗaya suke a fim, ba ka ganin ko ɗaya. Ya ce in riƙe fim ɗin a hannun dama, naman a hagu, in faɗa masa wanne ne ke ƙarya. Da rana matarsa ta yi mana farfesu da shi.

Ku littafi ya faɗa muku wannan a layi ɗaya, kun haddace, kun ci jarrabawa, kun manta.

Su kuma masu zuwa hoto nasu daban ne. Mutumin ƙauye yana son fim babba, wanda zai naɗe a leda ya rataya a babur kowa ya gani. Zai fita tsakar asibiti ya ɗaga shi wa rana, ƙafa sama kai ƙasa, 'yan'uwansa su kewaye shi suna girgiza kai kamar sun fahimta. Akwai tsohuwar da ta dawo bayan sati ta yi mini godiya, wai tun da aka ɗauke ta tarin ya tsaya, a ƙara mata ɗaya. Ka ce wa mutum, "Ja numfashi, riƙe," sai ya furzar da shi gaba ɗaya ya tsaya yana kallonka. Ka ce ya cire duk abin da ke jikinsa, ya rantse ya cire, ka wanke fim ka tarar da laya mai allura kwance a kan huhunsa. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu biyawa ta wurin maɗori. Ban raina ɗori ba, na ga ƙafafun da suka miƙar. Amma ƙirji ba ƙafa ba ne. Su ɗaure mutum tamau da tsumma da kara kamar damin gero, ya kasa numfashi mai zurfi, ya kasa tari, majina ta kwanta a huhu, bayan kwana goma a kawo mana shi da zazzaɓi. Haƙarƙari ba ya son ɗauri. Maganin ciwo yake so, da numfashi, da haƙurin sati shida ko fiye. Kuma abin da muke fara nema a fim ɗin ƙirji ma ba karayar ba ce, huhu muke dubawa, ko ya fashe iska ta taru, ko jini ya kwanta a ƙasa. Wannan shi ke kashewa kafin la'asar.

Duk da haka ban taɓa jin tsoron jahilcinsu ba, don sun san ba su sani ba. Abin tsoro shi ne yadda suka yarda da mu. A wurinsu hoto ba ya ƙarya, kuma duk abin da mai farar riga ya faɗa yana riƙe da fim, ya zauna.

Shekarar da ta fi kowacce muni ita ce wadda 'yan bindiga suka hana noma a bayan Sabuwa. Kafin nan ƙirazan da nake gani na faɗuwar babur ne, da harbin jaki, da buhun masara da ya zame wa ɗan dako ranar kasuwa. Shekarar nan kuwa gindin bindiga ne. Suna son dukan mutum a gaba, daidai inda rigarsa ke buɗewa, don ya durƙusa da sauri. Asibitin da nake a lokacin ba zan kama sunansa ba. Likita ɗaya ne, kuma rabin sati yana hanya. An kawo mana sabuwar na'ura mai nuna hoto a kwamfuta ta buga fim da kanta, aka haɗo mana da wani Nasiru, mai digiri, wanda a takarda ma yana gaba da ni. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, ban hana masa ba. Hannunsa ne bai taɓa sauka a jikin majinyaci ba. Daga bayan gilashi yake aiki, yana magana ta taga kamar mai sayar da tikiti.

Wata Talata a tsakiyar damina na fita sallar azahar, na biya wurin mai ɗanwake, na zauna na ci a natse har da ƙari. Wannan zaman yana cikin abubuwan da nake jin haushin kaina a kansu har yau. Da na dawo na tarar da mutum a kan bencin ƙofar ɗakinmu, ya kai shekara arba'in da biyar, ya dafe ƙirji da tafin hannu, yana numfashi sama-sama. Maza uku na tsaye nesa da shi, ɗaya da gora, ba mai kallonsa. Wanda ya kawo ɗan'uwansa asibiti kusa da shi yake zama. Waɗannan tsaronsa suke yi.

Na yi sallama, na tambayi babbansu, wani dogo mai furfura a gemu, Malam Shu'aibu, shugaban 'yan sa-kai na ƙauyensu. Ya ba ni labari a gajarce. Mutumin da ke kan benci Malam Ila ne, shi ke kai shanun huɗa na unguwarsu kiwo bakin daji bayan an tashi daga gona. Shekaranjiya da hantsi ɓarayi suka kore shanun gaba ɗaya, har da bijimai biyu na shi Malam Shu'aibu. Ila ya dawo gida da ƙafarsa, ba jini, ba rauni, sai ɗan shaci a ƙirji, yana cewa sun buge shi da gindin bindiga ya suma.

"Duk wanda sunka tarar da shanu, ko su harbe shi ko su tahi da shi," in ji Malam Shu'aibu. "Shi kaɗai anka bari. Mutane sunka ce infoma ne, shi ya kira su. Ni na ce a dakata, a kai shi hoto. In an doke shi yadda ya hwaɗi, hoto zai nuna. In ba a doke shi ba, to, mun san abin da za mu yi."

Ban tambaye shi abin da za su yi ba. Duk wanda ya zauna a yankin nan a shekarar ya san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma, kuma ba a kai shi gaban alƙali.

"To, an ɗauka?"

"An ɗauka. Yaronku ya ce babu karaya, lahiya tai lau."

Na shiga ciki. Nasiru na zaune yana latsa waya. Hoton na nan a kwamfuta, ɗauka ɗaya ta gaba, mai kyau, huhu a buɗe, haƙarƙari a jere. Na ce masa ya duba mutumin da hannu? Ya ce aikinmu hoto ne, ba taɓa majinyaci ba. Na ce ya tambaye su me ya sa suke son hoton? Ya ce wannan ba hurumin sashenmu ba ne. Na ce to faɗin sakamako huruminmu ne? Ya ce sun matsa masa, kuma ai ga shi a fili, ba komai. Na ce ina fim ɗin? Ya ce su biyar suka rako shi, biyu daga cikinsu sun karɓa sun yi gaba a babur, wai za su kai wa mai unguwa.

Na fito na durƙusa gaban Malam Ila, na ce ya nuna mini wurin da yatsa ɗaya. Bai kai hannu gefe ba, inda ƙashi yake. Ya ɗora yatsa a gaba, hagu da ƙashin tsakiya, ƙasa da nono kaɗan. Na sa yatsuna biyu a wurin na ce ya ja numfashi a hankali. Ya ja, gumi ya karyo masa, na ji abu ya goce a ƙarƙashin yatsuna ya koma, ƙas, irin ƙarar nan ta ƙirjin akuyar Baba Garba.

"Malam," ya ce da ni a hankali, "wallahi sun doke ni. Ban san mi ya sa sunka bar ni ba. Da sun kashe ni da ya hi mani."

Na'urar da ke ganin guringuntsi muna da ita, amma tana ɗakin awon ciki, ita ce sikanin da ake duba mata masu juna biyu. Akwai babbar na'ura mai yanka jiki faifai-faifai a hoto, ita ma tana gani, amma sai birni, kuma mutumin nan ba shi da kwana biyun da za a yi a hanya. Na je na roƙi Hajiya ungozoma ta ba ni ɗakinta na minti goma. Na ratsa layin mata da ƙato mai gemu a hannu da wasu ƙattai uku a baya, matan suna rufe baki da mayafi suna dariya. Wata ta ce, "Wata nawa ne, Malam?" Ila bai ɗaga kai ba.

A cikin aljihun teburin akwai wani ƙaramin kan na'urar mai faɗin baki, na duba abin da ke kusa da fata, ba wanda ya taɓa amfani da shi, yana cikin ledarsa. Na jona, na shafa wa Ila man nan mai sanyi, na bi haƙarƙarin daga gefe zuwa gaba. Ƙashi ya fito farin layi miƙaƙƙe. Na wuce kan guringuntsi, layin ya ci gaba sumul, sai ga shi ya yanke, ɓari ɗaya ya hau kan ɗaya kamar matakala, ga jini ya taru a kewaye. Na sauka na ƙasa, shi ma haka. Biyu. Na tsayar da hoton, na buga shi a 'yar takardar nan mai santsi da ake ba masu ciki, wadda ba ta fi tafin hannu ba.

Malam Shu'aibu ya karɓa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Wanga ai na mata ne," ya ce. "Ni ban ga komi ba sai hayaƙi. Babban hoto ya ce babu, kai kuma ka kawo mani ɗan wanga. Ko dai kun san juna?"

A nan ne raina ya ɓaci sosai, kuma na gode Allah da ya ɓaci. Na cafki hannunsa, hannun da ke riƙe da gora, ban nemi izini ba, na ɗora yatsunsa biyu a ƙirjin Ila na danne da nawa.

"Kai ba ka taɓa fiɗa ba? Ba ka san guringuntsi ba? Malam Ila, ja numfashi."

Ya ja. Na ga fuskar Malam Shu'aibu lokacin da abin ya goce a ƙarƙashin yatsunsa. Ya so ya janye, na riƙe. Na ce a sake. Aka sake. Sannan na sake shi, na ce mutum ba ya yi wa kansa wannan da hannunsa, kuma faɗuwa ba ta karya biyu a jere a gaba da shacin ƙarfe a kai. Ya tsaya yana kallon yatsunsa da man ya ɓata.

"Innalillahi," ya ce. "Yaranmu su Sani sun tahi da babban hoton."

Ƙauyensu ba sabis na waya, sai an hau dutse. Ya fita da gudu, dattijo da shi, ya haye babur, sauran biyun suka bi. Na hana Ila tafiya, na kwantar da shi a ɗakin maza na ce likita ne ya ce, alhali likita na hanya.

Abin da ya faru a can daga baya na ji, daga bakin Malam Shu'aibu da kansa. An yi ruwa a gabas, rafi ya kawo, suka tsaya a bakinsa fiye da awa biyu. Masu fim kuwa sun haye tun kafin ruwan. Kafin ya isa, an karanta wa jama'a hukuncin asibiti a ƙofar mai unguwa, an ɗaga fim ga rana kowa ya ga ba komai. An cinna wa rumbunan Ila biyu wuta, an ture katangar gidansa, matarsa ta kwashi 'ya'ya ta bi ta gonaki zuwa wurin danginta a Faskari. Da Ila na cikin garin da ba a kai magariba da shi ba. Malam Shu'aibu ya tsaya a gaban mutane ya rantse da abin da yatsunsa suka ji. Wasu suka yarda. Wasu suka ce an saye tsohon asibiti, yaro mai digiri ai ya fi shi sani, kuma ga babban hoto. Fim ɗin, in ji shi, har yanzu yana soke a azarar zauren mai unguwa.

Nasiru da na faɗa masa ya ce shi dai abin da ya gani ya faɗa. Na ce a'a, abin da ba ka gani ba ka faɗa. Bayan wata huɗu ya samu canji zuwa birni. Na ji an ce yana koyarwa yanzu, wataƙila ma shi ya koya muku.

Ila ya warke, in warkewa ce. Wurin ya haɗe da ƙulli kamar ƙwallon goriba ƙarami, yana nan a ƙarƙashin fata. Bai koma ƙauyen ba, gonarsa wani ke nomawa. Matar ta dawo masa, suna haya a Ƙanƙara, yana sayar da rake a bakin tasha. Bayan kamar shekara ya zo gidana da 'yar takardar sikanin, ya ciro ta daga cikin hularsa a naɗe a leda. Ta koma fara tas. Takardar nan ba ta jure zafi, kowa a aikinmu ya sani, ni ma na sani, kuma ban yi tunanin in kai a yi masa kwafi ba ranar. Ya ce in sake buga masa. Na ce na'urar ba ta ajiye ba, kuma ko an sake dubawa yanzu ƙulli kawai za a gani. Ya mayar da farar takardar cikin leda, ya mayar cikin hula, ya yi mini godiya.

Ranar kasuwa in kun je tasha za ku gan shi. Duk motar da ta taso daga wajen Sabuwa sai ya bar rakensa ya je bakin ƙofa yana duba masu sauka. In ya ga ɗan ƙauyensu, sai ya gaishe shi, ya riƙe hannun bai saki ba, ya buɗe wuyan riga ya kai shi kan ƙullin. "Taɓa nan," yake cewa. "Don Allah taɓa ka ji." Yawancinsu fizge hannu suke yi su wuce.

Ku da kuka ce danna maɓalli ne, ku je ku same shi kafin ku koma makaranta. Ba sai kun ce ni na aiko ku ba. Ku miƙa masa hannu kawai, zai kai shi wurin da kansa.